Ɗigon Da Ake Rainawa a Mahaɗar Bututu

Duk wanda ya taɓa shiga matatar mai ko masana'antar taki ya ga yadda ake haɗa manyan bututu. Kowane bututu yana da faifan ƙarfe a bakinsa, a gama su fuska da fuska, a zura ƙusoshi a ɗaure da noti. Ma'aikata suna kiran wannan mahaɗa filanji. Tsakanin faifan biyu akwai gaskit, ɗan'uwan wanda bakanike ke sa wa injin mota. Shi ke toshe kafar da ido ba ya gani, amma sai ƙusoshin sun matse shi daidai ta kowane gefe. Matata guda tana da dubban irin wannan mahaɗa, kuma ɗaya tak ta isa ta jawo gobara.

An ga haka a daren 6 ga Yulin 1988 a Piper Alpha, wani dandalin haƙar mai a teku, daura da Sikotilan. Da rana an cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, aka rufe bakin bututun da faifan ƙarfe, ba a ɗaure shi tamau ba. Labarin bai kai ga masu aikin dare ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka tayar da wanda ake gyarawa. Gas ya fito ta wannan faifai, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasa rayukansu.

Mu ma muna da tsofaffin kayan aiki. An buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, duk sun haura shekara 40. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, don haka duk lokacin da aka kashe masana'anta aka sake kunnawa, ƙusoshi suna ɗan saki. Jijjigar famfo tana ƙara sassauta su. Gaskit yana bushewa ya daina dawowa. Ruwan damina kuma yakan shige ƙarƙashin mayafin da ake naɗe bututu da shi, tsatsa ta yi ta cin ƙusoshi a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babbar matsalar ita ce sabo. Mahaɗa ta fara ɗiga, a kara mata bokiti, a ce ai ta daɗe a haka. Wani ya ɗauko sifana, ya zura mata guntun bututu don ƙarin ƙarfi, ya danne notin da ke gefen yoyon. Wannan ɗaurin na gefe guda yana murƙushe gaskit ta nan, ya buɗe kafa ta can. In kuma akwai matsi a cikin bututun, tsohuwar ƙusa na iya tsinkewa a fuskar mai ɗaurin.

Gyaran ƙwarai yana farawa da rufe layin, a sauke matsinsa, a rataya alama, a rubuta takardar izinin aiki, kuma mai tashi ya damƙa ta hannu da hannu ga mai karɓarsa. A goge fuskar faifan a duba ko ta karce ko tsatsa ta ci ta. Gaskit da aka cire ba ya komawa, ko da ya yi kama da sabo, kuma a tabbata sabon ya dace da zafi da sinadarin da ke bi ta wurin. A shafa wa ƙusoshi mai, domin busasshen noti yakan cije tun kafin ya matse gaskit. Sannan a ɗaure da sifana mai awo, noti da kishiyarsa, kamar yadda mai faci ke ɗaure tayar mota, a hankali zagaye uku ko fiye, kowane zagaye da ƙarin ƙarfi. In bututun biyu ba su yi saiti ba, kada a jawo su da ƙarfin ƙusoshi. A ƙarshe a gwada kafin a saki layin.

Ba sai injiniya ne zai gane yoyo ba. Ɗan huci kamar na maciji, tabon mai a ƙasa, farin gishiri ko jan tsatsa a gefen faifai, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, duk alamu ne. Wannan warin kuwa yana da yaudara, domin in gubar da ke kawo shi ta yi yawa hanci yakan daina jin ta. A gidajen sayar da gas, ruwan sabulu ya isa gwaji: inda kumfa ya taso, nan yoyon yake. Ba a lalube da tafin hannu, ba a haskawa da ashana.

Mai shara ne ko mai gadi, in ya ga ɗigo ya matsa ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, ya kai rahoto nan take. Shugaban da aka kai wa rahoton kuma ya tsayar da layin, ko da aikin yinin zai tsaya tare da shi.