Ciwon Suga da Ƙoda: Alamar da Masana Ke Nema Tun da Wuri

Mai ciwon suga a Zuru yakan san ƙodarsa ta taɓu ne bayan ƙafafu sun kumbura, fitsari ya fara kumfa. A lokacin ɓarna ta yi nisa, sai maganar tafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato domin wankin ƙoda, ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002. Manomin dawa ba shi da kuɗin wannan jinya. Kuma kusan mutum ɗaya cikin uku masu ciwon suga ƙodarsa kan lalace.

Kowace ƙoda na da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, wasu ƙwayoyin waɗannan matatai kan mutu ta mummunar hanya: su kumbura, su fashe, su zubo sinadaran da ke tayar da kumburi, maƙwabtansu ma su kamu, kamar gobarar daji a lokacin hunturu. Brad Cookson da Molly Brennan na Jami'ar Washington a Amurka suka sa wa wannan mutuwa suna pyroptosis a 2001. A 2015 aka gano furotin ɗin da ke huda ƙwayar, wato gasdermin D, a ɗakin binciken Feng Shao a Beijing da na Vishva Dixit a Amurka. Wani furotin mai suna NLRP3 ne ke fara jin haɗari, ya tayar da caspase-1, shi kuma ya saki mai hudar.

Fatan masana shi ne, idan ƙwayoyin gadon da ke sarrafa waɗannan furotin suka tsananta aiki, a gane ƙoda na cikin hatsari kafin ta nuna. Tunani ne mai kyau, amma har yanzu yana ɗakin bincike. Yawancin nazarin an yi shi ne a kan ɓeraye da tsokar ƙodar da aka ɗebo da allura, kuma sai an gwada shi a kan mutanenmu kafin a dogara da shi.

Abin da ya fi damuna, gwajin da ke hannu ma ba a yin sa yadda ya kamata. Auna furotin ɗin albumin a fitsari da creatinine a jini, sau ɗaya a shekara, na nuna matsala tun mutum bai ji komai ba. Babban asibitin Zuru da asibitocin Ribah da Dabai ya dace su mayar da shi ƙa'ida ga duk mai ciwon suga, tare da awon hawan jini, domin magunguna irin su lisinopril da dapagliflozin na rage saurin lalacewar ƙoda idan an fara su da wuri.