Katse Hanzari: Darasi Daga Wata Tsohuwar Kwamfuta

A ɗakin gwaje-gwajen sashenmu akwai wata kwamfutar kan tebur da ta girmi yawancin ɗaliban da ke zama a gabanta. Windows 98 ce a kanta, ƙwaƙwalwarta kuwa, wato furosesa, Pentium III ce. Ba don ƙauna muke riƙe da ita ba, dole ce ta sa. Ita kaɗai ke iya magana da na'urar da muke auna yawan hasken da sinadari ke sha, ta hanyar wani dogon kati da aka soka a cikinta tun ranar da aka kawo su tare. Gurbin da katin ke shiga, wanda ake kira ISA, an daɗe da daina sa shi a kwamfutocin kasuwa. Ke nan duk ranar da ta mutu, na'urar nan mai tsada ta zama kayan ado.

Bayan wani dogon hutu da ɗakin ya yi a rufe, sai wata ɗalibata mai karatun digiri na biyu ta same ni a ofis, idanunta sun kawo ruwa. Ta ce, "Malam, kwamfutar nan ta ƙi. Tana tashi lafiya ƙalau, amma da na danna a fara awo sai ta sandare, sai dai a kashe ta daga bango." Samfuran ruwan rijiyoyin da ta yi makonni tana tarawa ba sa jure dogon jira, kuɗin komawa ɗebo wasu kuwa ba ta da shi. Aka kira wani matashi mai gyara. Bai cika minti biyar ba ya yanke hukunci: "Dakta, bairos ne. Fomatin kawai za a yi." Na tambaye shi inda za mu samo manhajar na'urar in an goge, alhali faya-fayanta na asali sun ɓace tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya yi shiru. Na ce a dakata, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma ban taɓa ganin bairos mai ladabin jiran a danna maɓalli guda tak ba.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda sassan kwamfuta ke neman a saurare su. Furosesa ba ta zaga gida tana tambayar kowane sashe ko yana da magana, don hakan ɓata lokaci ne. Tana kan aikinta ne har sai wani sashe ya yi abin da Bahaushe ke yi in zai tsoma baki cikin zance, wato ya ce "ba katse maka hanzari ba." Da ka taɓa harafi a allon rubutu, sai a aika mata sigina ta wani keɓaɓɓen layi, ta ajiye abin da take yi, ta nemo manhajar da ke kula da wannan sashe, wadda ake kira direba, ta biya buƙata, sannan ta koma inda ta tsaya. Wannan layi shi ne IRQ. Lambar layin ce kaɗai ke gaya mata mai sallama, kamar maigidan da ke gane baƙo daga ƙofar da aka ƙwanƙwasa, ba daga fuskarsa ba.

Ƙarancin ƙofofin nan shi ne tushen rigimar. Lokacin da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, ɗan guntun da ke tsaron ƙofa, Intel 8259, layuka 8 kawai yake da su. A 1984, a samfurin AT, aka ƙara guntu na biyu, aka jona shi ta layi na 2 na guntun farko, lambobi suka zama daga 0 zuwa 15, masu amfani kuwa 15. Yawancinsu ma da masu su. Layi na 0 na ma'aunin lokaci ne, na 1 na allon rubutu, na 6 na fulofi, na 7 na firinta, na 8 na agogo, na 12 na linzami irin PS/2, na 13 na sashen lissafi, na 14 da na 15 na faya-fayan ajiya. Layi na 3 da na 4 na kafofin COM ne, kuma kafa huɗu ke rabon layi biyu: COM1 da COM3 a na 4, COM2 da COM4 a na 3. Abin da ya rage wa duk katin da mutum zai ƙara, na sauti ne ko na sadarwa, bai wuce na 5, 9, 10 da 11 ba. Waɗanda suka yi zamanin shiga intanet ta wayar tarho za su tuna abin da ke faruwa in aka sa linzami a COM1, aka sa modem a COM3: ɗaya na motsi, ɗaya ya rikice.

Katin ISA ba ya yarda da tarayya. Sallama ɗaya yake yi, wato tashin lantarki sau guda a kan layi, in ta wuce ta wuce. To, in kati biyu na kan layi ɗaya, ko dai sallamar ɗaya ta ɓace cikin ta ɗayan, manhaja ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba, ko kuwa a tura direban da ba shi ake nema ba, ya duba bai ga kowa ba, sallama kuma ta ƙi yankewa, furosesa ta yi ta kai da kawowa bakin ƙofa har ta rasa sukunin yin komai. Daga waje duka biyun kamarsu ɗaya: kwamfuta ta sandare. Tsarin PCI da Intel ya gabatar a 1992 ya sassauta lamarin, domin katinsa riƙe layin yake yi har sai an amsa masa, saboda haka katunan PCI da yawa na iya tarayya a lamba ɗaya lami lafiya. Sai kuma Windows 95 ta zo da tsarin da kwamfuta ke raba lambobin da kanta, wanda aka yi wa kirari da "jona ka yi aiki," masu gyara kuma suka mayar da shi "jona ka yi addu'a." Dalilin ba'ar a fili yake: tsohon katin ISA da ake zaɓa wa lamba da hannu, ta hanyar 'yar gadar roba da masu gyara ke kira jamfa, ba ya sanar da kowa lambar da ya riƙe. Mai rabo bai san da shi ba, sai ya ba wani gurbinsa.

Da wannan a raina na zauna gaban kwamfutar. Na sa ɗalibar ta fara awo, ta sandare. Na danna maɓallin Num Lock, 'yar fitilarsa ba ta ƙifta ba, alamar furosesa ko sallamar allon rubutu ta daina amsawa. Na sake tayar da ita, sai na lura da abu biyu da kowa ya raina. Na farko, tana tsayawa da wani gargaɗi a baƙin allo har sai an danna F1, ɗalibai kuwa sun mayar da dannawar al'ada ba tare da karantawa ba. Na biyu, agogonta ya koma baya da shekaru masu yawa. Nan na gane ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan babban allo, CR2032, ya mutu a lokacin hutu. Shi ke riƙe wa BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, duk saitin da aka yi mata. Da ya mutu, sai ta manta komai, ta koma yadda ta fito daga masana'anta.

Na leƙa Device Manager na tarar an ba katin sauti layi na 5, babu ko alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, domin Windows ba ta ga abokin rigimar ba. Sauran in san lambar katin na'urarmu. Na kira tsohon ma'aikacin ɗakin, wanda ya yi ritaya shekarun baya, na ce, "Baba, ko kana tuna lambar da aka sa wa katin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Dakta, buɗe murfin ka duba cikinsa." Na buɗe. Ga rubutunsa nan da baƙin alƙalami: IRQ 5, a keɓe a BIOS. Da tsohuwar zuma ake magani. Muka sayo batir na 'yan kuɗi kaɗan, na shiga BIOS na keɓe wa katin ISA layi na 5, katin sauti ya koma wata lambar. Kafin la'asar ɗalibata ta auna rabin samfuranta.

Ba kowace sandarewa ba ce rikicin katse hanzari, kuma kuskure ne a ɗora masa laifin kowa. Alamarsa ita ce tsayuwa a kan ƙa'ida: abu kaza in ya haɗu da abu kaza sai ta tsaya, ko kuwa matsalar ta fara ne bayan an ƙara kati ko saiti ya goge. Wadda ke sandarewa bayan ta yi rabin sa'a tana aiki, a duba fanka da ƙurar hunturu da ta toshe ta. Wadda ke tsayawa ba lokaci ba dalili, a gwada ƙwayoyin RAM da manhaja irin Memtest86, a duba akwatin wuta, a kuma duba 'yan gwangwanayen kafasito ko kansu ya kumbura, cutar da ta addabi allunan farkon shekarun 2000. In kuwa zargi ya tsaya kan layuka, hanyar a bayyane take: a fara kwafe abin da ke cikin faifai, a zare wuta, a cire duk katin da ba dole ba, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. A kashe kafofin COM da na firinta da ba a amfani da su don a samu sarari. Katin PCI kuwa sau da yawa sauya masa gurbi kaɗai ya isa. Sharaɗi guda ne: sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a rubuta shi.

Kwamfutocin yau sun huta da wannan rigima, domin tsarin APIC ya faɗaɗa layukan, katunan PCI Express kuma saƙo suke aikawa maimakon jan layi. Shi ya sa ban ga laifin matashin nan ba. An koya masa sana'a a zamanin da ciwon ya ɓace daga littafi. Amma bai ɓace daga ɗakunan gwaje-gwajenmu da maɗaba'unmu ba, inda tsofaffin injuna ke rataye a wuyan tsofaffin kwamfutoci. Abin da ke damuna shi ne yadda "a yi fomatin" ta zama maganin kowace cuta, a goge aikin shekaru ba tare da an tambayi me ya sauya ba. Da mun bi shawarar, da mun rasa manhajar da babu madadinta, kuma kwamfutar ta ci gaba da sandarewa, tunda ciwon ba a faifai yake ba.

Kirana ga shugabannin sassa da masu kula da irin waɗannan ɗakuna shi ne su kwafe faifan kowace tsohuwar kwamfuta tun tana numfashi, su ɗauki hoton saitin BIOS, su sauya batir kafin ya mutu, su kuma zauna da tsofaffin ma'aikata su rubuta abin da ke kansu kafin ritaya ta raba. Ni dai a ranar, kafin in mayar da murfin, na ɗauki alƙalami na rubuta ranar da aka sauya batir a ƙarƙashin rubutun Baba, saboda wanda zai buɗe bayana.