Luguden 'Yan Makaranta a Hunturun Amurka

A yawancin makarantun sakandaren Amurka, kiɗa darasi ne da ake shiga aji a koya, har a ba da maki a kansa. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba 'yan badujalar makaranta suna waje, suna fareti a filin ƙwallo. Da sanyi ya kankama sai a rataye kayan fareti a koma ɗaki, domin ayyuka biyu ke jiransu: taron kiɗan hunturu da ake yi wa iyaye a Disamba, da bukukuwan jaz da ke biyo baya har zuwa Mayu.

Duk wanda ya san lugude ya san abin da malamin waɗannan yara ke fama da shi. Mata uku ne a kan turmi ɗaya, bakin turmin kuwa ba ya ɗaukar taɓarya biyu a lokaci guda. Wannan na ɗagawa, waccan na saukewa. Idan ɗaya ta yi garaje, taɓare su yi karo, gero ya watse, kaji su samu. Ƙarfin damtse ba ya gyara lugude. Kunne ke gyara shi.

Haka babbar ƙungiyar jaz take. Bisa al'ada akwai masu busa saksofon biyar, masu tiramfet huɗu, masu tiramban huɗu, sai mai fiyano, mai bas, mai ganga, wani lokaci da mai jita. Yara kusan 17 ke nan, kowa da ƙuruciya a kansa, kowa na son a ji shi. Shi ya sa malami kan raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi ta maimaita layi ɗaya har numfashinsu ya zo daidai. Shi ma sanyin yana da tasa fitinar: idan ƙaho ya yi sanyi muryarsa kan sauka ƙasa, dole yaro ya hura masa iska mai ɗumi kafin a daidaita sauti.

A taron Disamba komai a rubuce yake, malami na gaba da 'yar sandarsa, kowa na bin takarda. A jaz ne ake buɗe wa yaro fili ya miƙe shi kaɗai, ya ƙirƙiro nasa salon nan take, sau da yawa a kan zubin kiɗan bulus mai gaɓa 12 da ke ta zagayowa. Wannan shi ne lokacin da gwanar daka ke cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai inda ake jiranta. 'Yan kallo ita suke yi wa guɗa, amma da abokan dakanta sun sassauta ko kaɗan, da gwanintar ta koma abin dariya. Mai bas da mai ganga su ne ke riƙe wa mai busa turmi.

Babbar manufar makarantu da yawa ita ce gasar Essentially Ellington, wadda cibiyar Jazz at Lincoln Center ta birnin New York ke shiryawa tun tsakiyar shekarun 1990 a ƙarƙashin Wynton Marsalis. Cibiyar na aika wa makarantu kiɗan Duke Ellington, wanda ya rasu a 1974, su kuma su naɗi nasu bugun su tura. Shekaru da dama ƙungiyoyi 15 aka riƙa zaɓa su je New York a watan Mayu. Makarantun Garfield da Roosevelt na birnin Seattle sun sha cinye ta. Wahalar kiɗan Ellington kuwa ita ce, da 'yan ƙungiyarsa a zuci ya tsara shi, irin su Johnny Hodges da Harry Carney. Yaron da ya gaji kujerar ɗayansu sai ya san muryar mai kujerar, ya kuma san wa ke shigowa bayansa.

Saboda haka iyayen da ke ganin kuɗin motar zuwa gasa da sammakon gwaji a cikin dusar ƙanƙara asara ce, su sake lissafi. Ƙalilan ne daga cikin yaran nan za su ci abinci da kiɗa. Amma dukansu za su fita sun iya jiran lokacinsu da sauraron na kusa da su, kuma ba kowane darasi ne ke koyar da wannan ba.