Bugun Zane na Hannu Ba Fotokwafi Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wuraren baje kolin zane-zane, tun daga na ɗaliban ajin ƙarshe a jami'o'i har zuwa manyan ɗakunan nuni na Abuja da Legas. Mutum zai tsaya gaban wani zane a takarda, ya yaba, har ya tambayi kuɗinsa. Sai idonsa ya faɗa kan wasu lambobi da aka rubuta da fensir a ƙasa, misali 7/30. Da zarar an ce masa guda talatin aka buga, wannan shi ne na bakwai, sai ya taɓe baki: "Au, ashe kwafi ne! To ina na ainihin?" Daga nan ciniki ya watse, ko kuma ya taya da kuɗin da ko takardar ba za su saya ba. Abin haushin, shi wannan mutumin ne zai tsaya a cunkoson motoci ya sayi hoton da inji ya feso dubu-dubu a kan leda, ya kai gida ya rataya a falo yana alfahari.

Ita dai wannan sana'a ta bugun zane na hannu, a taƙaice, mai zane ne yake aikinsa a kan katako, ko ledar linoliyam, ko farantin ƙarfe, ko dutse, ko kuma wani ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, sannan ya shafa tawada ya danna a takarda. Duk wanda ya taɓa ganin masu sassaƙa hatimin roba da reza a bakin gidan waya ya riga ya ga tushen abin.

Tambayar "ina na ainihin?" ita ce inda kuskuren yake. Babu wani zane da aka ɓoye a ɗaki wanda waɗannan talatin ɗin suke kwaikwayo. Abin da mai zanen ya riƙe a hannu faranti ne mai datti, komai a jikinsa a juye yake, dama ta koma hagu, kuma ba don a rataya shi aka yi shi ba. Zanen ba ya samuwa sai an ɗaga takarda daga kan farantin. Saboda haka na ɗaya na ainihi ne, na bakwai na ainihi ne, na talatin ma haka.

A duba yadda ake yi da farantin jan ƙarfe ko na tutiya. Za a goge shi sai ya yi sheƙi, a shafe fuskarsa da wani irin kaki, sannan mai zane ya ɗauki allura ya riƙa zana layuka yana kankare kakin. Sai a tsoma farantin cikin ruwan asid, asid ɗin ya ci wuraren da allura ta buɗe kaɗai. Idan ana son wani layi ya fi wani duhu, sai a rufe sauran a sake tsomawa, wani lokaci sau biyar ko shida. Bayan nan ne ake cusa tawada mai kauri cikin ramukan, a goge saman da tsumma, a ƙarasa da tafin hannu. Takardar kuwa tun da wuri an jiƙa ta an tsane. A ɗora ta kan farantin, a lulluɓe da bargo, a juya hannun inji, narkeken ƙarfe ya bi ta kai ya matse ta har ta shiga ramukan ta tsotso tawadar. Wannan duk don guda ɗaya ne. Kafin a sami na biyu sai an sake cusa tawada, an sake gogewa, an sake matsawa. Idan kuma zanen mai launi huɗu ne, sau da yawa faranti huɗu ake shiryawa, kowanne sai ya faɗa daidai inda na baya ya sauka, kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa a yaga takardar. Wace na'urar fotokwafi ce take shan wannan wahala?

Ba kuma sabon abu ba ne da za a ce 'yan zamani ne suka ƙirƙiro don su ci kuɗin mutane. A 1515 Albrecht Dürer na Jamus ya zana hoton karkanda a katako, dabbar da bai taɓa gani da idonsa ba, aka buga ta bazu a Turai. Rembrandt na Holan ya bar zane-zanen faranti kusan 300. Shahararren zanen nan na igiyar ruwa da Hokusai na Japan ya yi wajen 1831, dubbai aka buga, aka sayar da araha a kasuwa. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a New York, ya tashi a kan dala miliyan 2.7 da ɗoriya, kuma wanda ya biya ya san sarai akwai 'yan'uwansa a gidajen tarihi daban-daban.

Gaskiya ne, ruɗanin yana da dalili. Akwai masu ɗaukar hoton zanen fenti da kyamara, su fitar da shi ta firinta a kan kyakkyawar takarda, su sa hannu har da lamba. Wannan kwafi ne, kuma ba laifi idan an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan bugun hannu, kuma masu yin haka su ne suka ɓata wa masu gaskiya kasuwa.

Abin mamaki, a nan Arewa aka reni wasu daga cikin manyan masu wannan sana'a a Afirka. A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar zane ta kansu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce su haɗa dabarun da Turawa suka koya musu da al'adun gida. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya ƙara gogewa a tarukan horaswa na ƙungiyar Mbari a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960. A 1967 asid ya cinye masa wani faranti fiye da kima, ya cike ramukan da danƙon Araldite ya buga haka nan, sai ga wani irin zane mai tudu da kwari wanda ya zama tambarinsa a duniya. Tun 1998 yake tara masu zane kowace shekara a mahaifarsa Agbarha-Otor ta jihar Delta, a taron da ya sa wa sunan hunturu. Solomon Wangboje ma, wanda ya yi suna da zane-zanen masu ɗaukar kaya a ka, a Zariya ya yi karatu, ya kuma dawo ya koyar.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga ƙungiya a kowane mataki, kuma ba haka kawai ba. Mai fenti zai iya aiki a ɗakinsa shi kaɗai. Mai bugun faranti yana buƙatar inji mai nauyin gaske da tsada, da takardar auduga da yawanci daga waje ake kawo ta, da ɗaki mai iska saboda tururin asid. Ɗalibi zai koyi aikin a jami'a, ran da ya karɓi takardar kammalawa ya rabu da injin ke nan har abada. Bayan shekara biyu sai a same shi yana buga rigunan biki da fastocin 'yan siyasa. Tsadar dala da rashin kulawar gwamnati suna da nasu kason, amma babban ciwon shi ne rashin injin taro.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gano maganin. A Jamus akwai ƙungiyoyin masoya zane kusan 300, ta Hamburg tun 1817 take, kuma al'adarsu ce a ƙarshen shekara su fitar da ayyukan da mambobi za su saya da rahusa. A birnin Cleveland na Amurka akwai ƙungiyar masoya bugun zane da aka kafa a 1919: kowace shekara takan ɗauki mai zane guda ta biya shi ya yi sabon aiki, kowane mamba ya sami guda, tana kuma saya wa gidan tarihin birnin wasu. A Ostareliya an kafa majalisar bugun zane a 1966, tana fitar da mujalla mai suna Imprint. A Johannesburg kuwa, Kim Berman da Nhlanhla Xaba sun buɗe ɗakin bugu na taro a 1991 don matasan da ba su da hali. Gobara ta cinye shi a 2003, Xaba ya rasu a cikinta, amma jama'a suka sake gina shi, yana nan yana aiki.

Mafi yawan mambobin irin ƙungiyoyin Jamus da Cleveland ba masu zane ba ne. Likitoci ne da malamai da 'yan kasuwa. Wannan shi ne abin da ya kamata ya shiga kunnen mutanenmu, domin a nan an ɗauka ƙungiyar zane ta masu zane ce kawai, tallafi kuma sai gwamna ko attajiri. Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya, wadda Yusuf Grillo ya fara shugabanta a shekarun 1960, tana da rassa a jihohi, kuma ta masu sana'ar ce. Mai zanen da bai shiga ba, ko ya shiga amma rabonsa da biyan kuɗin shekara har ya manta, ba shi da bakin ƙorafi. Amma wanda ba mai zane ba, babu abin da ya hana shi haɗa kai da abokai su kafa ƙungiyar masoya a garinsu.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara mutum arba'in sun yarda kowa ya riƙa ba da naira 20,000 a shekara, an tara 800,000 ke nan. A biya mai zane guda ya yi aiki guda arba'in da 'yan kai, kowa ya sami nasa, ragowar kuɗin a tara don inji ko hayar ɗaki. Ma'aikacin da ba zai taɓa iya sayen zanen fenti na sanannen mai zane ba, a shekara goma ya mallaki ayyuka goma na ainihi. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai a gidansa, ba a rasa masu buga zayyana da rubutun Larabci da dagi da adon gine-ginen gargajiya.

Sai dai a yi hattara, domin ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan kan kuɗi suke mutuwa. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya nemi ganin tsarin mulkin ƙungiyar a rubuce. Kuɗi su shiga asusun banki mai sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu suke sa hannu, kada su shiga asusun shugaba ko da waliyyi ne. A karɓi rasit. A karanta bayanin shiga da fita a gaban kowa sau ɗaya a shekara. Zaɓen mai zanen da za a ba aiki ya zama na kwamiti, kuma a riƙa sauya kwamitin, in ba haka ba kowace shekara ɗan wan shugaba ne zai ci. A ba mai zane rabin kuɗinsa tun farko don ya sayi kaya, a kuma rubuta yarjejeniya: guda nawa za a buga, guda nawa zai riƙe na gwaji, waɗanda akan sa wa alamar A/P. Idan an gama, a kankare farantin ko a huda shi a gaban shaidu. Mai zanen da ya rubuta 30 sannan ya koma da dare ya ƙara ashirin ya ci amana, kuma ƙungiya ce kaɗai take da ƙarfin tona shi.

Mamba kuma ba biyan kuɗi ne kaɗai aikinsa ba. Ya je taro, ya kai yaransa ranar da ake nuna yadda ake bugu, ya daina neman ragin da zai kashe mai sana'a. Masu cewa "ba ni kyauta, ai kana da saura ashirin da tara" su ji tsoron Allah.

Wajen saye, a tambayi mai zane kai tsaye da me ya yi aikin. Mai gaskiya zai amsa nan take, har ya nuna farantin. Sa hannu da lamba da fensir ake yi a ƙasan zanen. Idan na farantin ƙarfe ne, za a ga sawun gefen farantin ya lotsa cikin takardar, kuma layukan tawada sun ɗan taso. Idan na katako ko linoliyam ne, akan ga ƙananan sawun wuƙa a wuraren da babu launi. A ɗora madubin ƙara girma: aikin firinta yakan watse ya zama ƙananan ɗige-ɗige masu launi. Kada kuma a biya ƙari don an ce wannan shi ne 1/30, yawanci lambar ba ta nuna wanda ya fi kyau.

Ajiya ita ce inda aka fi yin ɓarna. Mutanenmu sun saba kai duk takarda mai daraja a like ta cikin leda da inji mai zafi. Duk zanen da aka yi wa haka ya mutu, ba mai sake sayensa. Kada a manna shi da gam ko salatif. A sa shi a firam mai gilashi, a saka kwali mai taga tsakaninsa da gilashin don kada ya manne. A nisanta shi da bangon da rana take dukansa da wanda yake tsatsafo da damina, a riƙa leƙa bayansa saboda gara. Wanda bai sami kuɗin firam ba tukuna ya shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu masu tsabta a cikin akwati, kada ya naɗe shi kamar tabarma, kada kuma ya rufe shi da jarida, domin tawadarta da tsamin takardarta suna ɓata shi.