Ranar da na yi bankwana da gonar Nasushiobara

A darena na ƙarshe ban runtsa ba. Jakata tana bakin ƙofa a ɗaure, takalman robar da na yi wata uku ina shiga gona da su na wanke na mayar inda na same su. Abokin ɗakina, wani fasto ɗan ƙasar Saliyo wanda a haife ya haife ni, yana ta sharar barcinsa. Ni kuwa abu ɗaya ke cin raina: gobe da safe zan tsaya gaban kowa in yi bankwana, alhali akwai wata magana tsakanina da wannan bawan Allah da ba mu kashe ta ba.

Bari in fara gaya muku inda nake. Sunan wurin Asian Rural Institute, yana garin Nasushiobara a lardin Tochigi, arewa da Tokyo, babban birnin Japan. Wani fasto mai suna Toshihiro Takami ne ya kafa shi a 1973. Kowace shekara ana gayyato shugabannin al'umma daga karkarar Asiya da Afirka su yi wata tara, daga Afrilu zuwa Disamba, suna koyon noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba. Ban da su akwai 'yan sa-kai irina, waɗanda ba a biyan mu ko sisi, sai dai mu ci abin da aka noma. Taken wurin shi ne a rayu tare, kuma da gaske suke: mafi yawan abin da ke shiga tukunya daga gonar yake fitowa, kuma shugaban wurin ma yana layin wanke-wanke.

Da sassafe ake fita motsa jiki, sai shara, sai aikin abinci kafin karin kumallo. Wasu su tafi lambu, wasu wurin dabbobi, wasu madafa. Ranar farko na gaya musu ni Musulmi ne, ba zan iya aiki a garken aladu ba. Na zaci za a yi dogon turanci. Sai kawai aka ce to, ga kaji can. Haka nan a madafa, duk ranar da aka dafa naman da ba na ci, akwai tukunyar da ake ware mana. Abin da ya fi rikita ni ma alƙibla ce. A gida mun saba cewa “ka fuskanci gabas”, amma daga Japan Makka tana wajen yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Na yi kwanaki ina jin kamar na juya wa salla baya.

A gidan kajin na koyi abin da har yanzu nake tinƙaho da shi a ajinmu na koyon aikin gona. Ana haɗa dusar shinkafa da kashin kaji da ƙasa da gawayin ɓuntun shinkafa, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa. Bayan kwana biyu idan ka cusa hannu za ka ji zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu, alamar ƙananan halittu suna aikinsu. Sunan wannan taki bokashi. Ku tuna tulin ɓuntun da ake ƙonewa a bayan injinan casar shinkafa a garuruwanmu. A can dukiya ce.

To, maganar da ke tsakanina da Fasto. Wani dare hira ta kai mu ga addini. Tun muna yi da dariya har murya ta fara tashi, ni da ƙuruciya da son in yi nasara, na yaɓa masa wata magana game da imaninsa wadda ko a nan ba zan maimaita ba. Bai ce komai ba. Ya kashe fitila ya kwanta. Na ce shi ke nan, zama ya ɓaci. Amma da asuba sai na ji hannu a kafaɗata kamar kullum, domin shi ma yana tashi addu'arsa a wannan lokaci: “Ɗana, tashi, lokacin sallarka ya yi.” Haka ya ci gaba da tashi na har mako biyar, bai tayar da zancen ba, ni kuma girman kai ya hana ni.

Kowace safiya akwai taron da mutum ɗaya ke jagoranta, ya faɗi abin da ke ransa. Ranar tafiyata aka ba ni. Na yi godiya, sannan na yi abin da kowane Bahaushe ke yi idan zai yi tafiya mai nisa: na ce duk wanda na ɓata wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe mini. Sai na ga Japanawan suna kallon juna, wata ma ta tambaye ni daga baya ko wani abu na fasa. Na bayyana musu cewa a wurinmu ba a rabuwa da haƙƙin wani a wuya, domin babu wanda ya san ko za a sake haɗuwa. Daga nan na juya wajen Fasto na ce, “Baba, kai na fi nufi.” Muryata ta ƙi fita sosai. Ya taso ya rungume ni, ya ce ai tun a daren ya yafe, jira kawai yake in sauke kayan da na ɗora wa kaina.

Wanda ya yi makarantar kwana ya san kukan ranar kammala jarrabawa. Amma ku kuna da tabbacin za ku ci karo a kasuwa ko a wurin biki. Mu ba mu da shi. Akwai wata mata 'yar ƙasar Myanmar da muke kira Anti, tare muke kwasar ƙwai. Tun juyin mulkin da sojoji suka yi a ƙasarsu a 2021 yankinsu bai zauna lafiya ba, kuma can za ta koma a Disamba. Ta so ta ba ni irin wani wake, sai aka tuna mana ba a tsallaka iyaka da iri haka kawai. Sai ta karɓi littafina ta zana waken a shafin ƙarshe, ta rubuta sunansa da haruffansu masu kama da zobba.

Japanawa ma suna da rakiya. Da motar da za ta kai ni tashar jirgin ƙasa ta tashi, duk suka fito bakin hanya, wasu da taɓon gona a gwiwa, suna ɗaga hannu. Al'adarsu ce ba sa juyawa sai baƙo ya ɓace musu. Na leƙa ta gilashin baya har muka sha kwana, ba wanda ya sauke hannu. A lokacin an gama yankan shinkafa, gonaki duk sun zama fili.

Yanzu ina gida. Japan tana gabanmu da awa 8, saboda haka saƙonnin da ake turowa daga can da safe, cikin dare suke iso ni. Fasto ya koma Saliyo, yakan turo hoton gonar rogonsa. Anti kuwa saƙo biyu na samu daga gare ta bayan ta koma, na uku da na tura har yau bai nuna ya shiga ba. Sau da yawa ana yanke intanet a yankinsu. A bayan ɗakinmu na haɗa bokashi da dusar da na sayo a injin unguwarmu. Inna ta ce in kwashe mata wannan tarkace kafin ya tara ƙudaje. Na roƙe ta ta ba ni mako biyu, kuma jiya da na cusa hannu na ji ya fara ɗumi.