Cikin fara da cikin kiril: bayani kan narkewar abinci da kalmomin da za a faɗe shi da su

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don fassara darasin ilimin halittu daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda aikin yake cijewa. Sunayen dabbobi da tsirrai ba su cika ba da wahala ba; wahalar tana zuwa ne idan aka kai ga abin da ido ba ya gani, kamar abin da ke faruwa da abinci bayan an haɗiye shi. A cikin wannan ɗan rubutu za mu ɗauki misali guda, wato fara, mu bi abincinta daga baki har fita, muna duba kalmomin da muke da su da waɗanda muka rasa. Mun zaɓi ƙasar Arewa, ma'ana gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Doso (Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011), domin a can fara abokiyar gaba ce ga manomi, kuma abin kasuwa ce ga mata. Amma za mu soma daga nesa.

1. Kiril

A tekun da ke kewaye da Antaktika akwai wata ƴar halitta mai kama da jatan lande, ana ce mata kiril, sunan da aka aro daga harshen mutanen Norwe. Masana suna ce mata Euphausia superba. Tsawonta bai wuce santimita 6 ba, nauyinta kuma yana kai giram 2, wato daidai da na farar ɗango guda. Tana tafiya ne a cikin cincirindo, kuma da ita manyan kifayen teku da tsuntsayen ƙanƙara suke rayuwa. Abincinta ƙananan tsirran ruwa ne, wasu da ɓawo mai tauri irin na gilashi. Tana niƙa su da wasu haƙora da ke cikin tumbinta, sa'an nan sinadaran cikinta su narkar da su a cikin ruwan da sanyinsa ya kusa sifiri. Ƙarfin waɗannan sinadarai ya kai ga idan aka kama kiril aka bar ta sa'o'i kaɗan, sai su juya su narkar da jikinta. Shi ya sa jiragen kamun kiril suke sarrafa ta nan take a kan teku.

Ƴaƴan kiril suna wuce lokacin hunturu ne a ƙarƙashin ƙanƙara, suna kankarar gansakukar da ke manne da ita. Babbar tana iya jure yunwa fiye da kwana 200, har ta riƙa ƙanƙancewa in ta yi saɓa, amma ƙaramar ba ta da wannan ajiya. Saboda haka raguwar ƙanƙara raguwar abinci ce. A Fabrairun 2023 aka auna ƙanƙarar teku mafi ƙaranci a Antaktika tun da aka soma aunawa da tauraron ɗan adam, kuma wani nazari na 2019 ya nuna cewa a kudu maso yammacin Atlantika tsakiyar taron kiril ta ja zuwa kudu da kimanin kilomita 440.

Ɗalibin da ya tashi a Matankari ko Gesheme bai taɓa ganin teku ba, balle ƙanƙararsa. Sai dai ya san wata halitta mai ɓawo, mai saɓa, mai cincirindo, wadda rayuwarta ta rataya ga ɗan gajeren lokacin yalwa. Kuma kamar ba ta ido kaɗai ba ce: nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa ƙwari reshe ne da ya fito daga cikin dangin su jatan lande.

2. Fara a ƙasar Arewa

A bakin Arawa «hwara» ake ji, bisa ga tsarin Hausar yamma inda /f/ take zama /hw/ kafin /a/. Kalmar tana rufe nau'o'i da dama, kuma manoma suna da sunaye masu yawa a ƙarƙashinta, kamar yadda Anne Luxereau ta nuna a 1980 game da yankin Maraɗi. Farar ɗango, Schistocerca gregaria, ita ce mai suna: ita ta mamaye Nijar a 2004, ƙarancin abinci na 2005 ya biyo baya. Tsofaffin yammacin ƙasar kuma sun bar labarin yunwar 1931, wadda ita ma fara ta share wa hanya. Amma wadda manomin Dallol Mauri ya fi karo da ita shekara da shekara ƙarama ce, Oedaleus senegalensis. Ƙwanta yana kwana a cikin rairayi duk tsawon rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko, ƴaƴan su far wa hatsi yana ɗan tsiro, har a sake shuka. Tana bin damina zuwa arewa da dare, ta dawo kudu wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da zangarniya take da ruwan nono.

3. Hanyar abinci

Cikin fara bututu ne mai sassa uku. Na farko yana da wata faffaɗar jaka da Faransanci yake kira «jabot». Mu «rumbu» muke ba da shawara a ce, domin ajiya ce aikinsa na fili. Sashe na biyu shi ne hanjin tsakiya, wanda a bakinsa akwai wasu aljihuna shida. Na uku hanjin ƙarshe.

Abin mamaki a nan shi ne, sinadaran narkarwa a hanjin tsakiya da aljihunan nan ake yin su, amma sai su koma gaba su tarar da abinci a cikin rumbu, a can galibin narkarwar take aukuwa. Baƙin ruwan nan da fara take tofarwa a hannun yaro in ya kama ta, shi ne wannan gauraye na ganye da sinadarai. Hausa tana da kalmar da ta dace da shi, «tumbiɗi», ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Kowane sinadari da aikinsa. Akwai masu yanka furotin (tiripsin da kimotiripsin), akwai amilaz mai mai da gasara sukari, akwai lipaz mai sarrafa mai. Dusar ganye kuwa, wadda saniya take narkarwa da taimakon ƙwayoyin tumbinta, kaɗan ce fara take amfana da ita. Dabararta ita ce ta tauna, ta tsotse ruwan cikin ganyen, ta fitar da saura da sauri, ta ƙara ci. Wannan ne ya sa farar ɗango take cin kwatankwacin nauyinta a yini guda. A hanjin ƙarshe ana janye ruwa daga kashin, ya fito a bushe. Ga halittar Sahel wannan ba ƙaramin tattali ba ne.

Kashin ma yana da nasa labari. A 2000 wasu masu bincike na Ingila suka nuna cewa bakteriyar hanjin farar ɗango suna yin wani sinadari mai wari, gayakol, wanda yake cikin abubuwan da ke jawo fara ga ƴan'uwanta. Ke nan akwai alaƙa tsakanin abin da ke cikin ciki da taruwar da ke rufe rana.

Tsirrai ba su zauna hannu rabbana ba. Bedi yana da sinadarin da ke hana fara ci: Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan a 1959 cewa fara ta cinye komai ta bar shi, kuma a 1968 aka ware sinadarin, azadiraktin. Amma wata farar ta mai da gubar makami. Farar tumfafiya tana tara dafin tumfafiya a jikinta, shi ya sa ba mai cin ta. Farar itace, Anacridium melanorhodon, wadda ke hawa ƙaya da aduwa, tana amfani da sinadaran bauri na ganye wajen ƙarfafa ɓawonta, alhali ga wasu ƙwarin cuta ne.

4. Abin da fara take nema

Nan ne, a ganinmu, maganar ta fi shafar manomi. An daɗe ana ɗauka cewa duk inda ganye ya fi furotin nan ƙwaro zai fi yawa. Aikin Stephen Simpson da David Raubenheimer ya nuna fara tana auna abincinta, tana neman wani ma'auni tsakanin furotin da sukari. Idan ɗaya ya yi yawa har rage fitar da sinadarin da ke narkar da shi take yi. A 2012 Arianne Cease da abokan aikinta suka gano a Mongoliya ta ƙasar Sin cewa wata ƴar'uwar fararmu, Oedaleus asiaticus, ta fi bunƙasa a makiyayar da dabbobi suka cinye, inda ciyawa ba ta da furotin sosai. Daga baya aka maimaita aikin a Senegal kan Oedaleus senegalensis, aka sami abu guda: ta fi son abinci mai sukari, kuma hatsin da aka sa wa taki bai yi mata daɗi kamar na gajiyayyar gona ba. Dalilin yana da sauƙin ganewa, mai doguwar tafiya da fukafukai mai yake buƙata, kuma daga sukari take yin sa.

In haka ne, rairayin Arewa da aka daina ba shi hutu saboda yawan jama'a, da fako da ke ƙaruwa a kan tuddai, suna iya zama shimfiɗar fara. Zuba takin gida da barin garke ya kwana a gona za su zama kariya ta biyu ban da ƙarin amfani. Muna cewa «suna iya» da gangan, domin sakamakon Senegal ba ya zama hukunci a kan Dankasari sai an gwada.

Sai batun ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 damina ta ɗan farfaɗo, amma da tsalle-tsalle: ruwa mai ƙarfi, sa'an nan dogon tsaiko. Ƙwan da ya ƙyanƙyashe da ruwan farko, in tsaiko ya biyo, ƴaƴan yunwa za ta kashe su, kamar ƴaƴan kiril da suka rasa ƙanƙara. In kuwa ruwan ya ɗore, su riga shuka ƙarfi.

Kada a manta mu ma muna narkar da ita. Mata suna kama fara da asuba lokacin sanyi, kafin rana ta sake mata jiki, a dafa, a shanya, a soya da yaji. Ɓawonta na kitin ne, kuma cikin ɗan adam yana da sinadarin da ke narkar da wani abu daga cikinsa. Haɗarin yana ga farar da aka tsinta bayan feshi.

5. Kalmomi

Mai karatu ya lura mun yi ta cewa «sinadari», kalmar da ta zama jakar magori: gishiri sinadari, guba sinadari, «enzyme» ma sinadari. A rubutun kimiyya wannan ba zai wadatar ba. Hanya biyu ke gabanmu. Ta farko aro, amma aron yana raba mu, don ɗan lakkwal na Nijar zai ce «anzim», na Nijeriya ya furta shi da lafazin Ingilishi. Ta biyu ƙira da ɗafa-goshin ma-, wanda ke ba da sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, mabuɗai, saboda haka narke, manarki, manarkai. Wannan siga tana da fa'ida guda, tana nuna abin kayan aiki ne da ba ya ƙarewa wajen aikin, kamar yadda mabuɗi ba ya ƙarewa da buɗe ƙofa. Aibinta shi ne ba kowane «enzyme» ne yake narkarwa ba, wasu gini suke yi. Shawararmu ita ce a bar «anzim» ga jinsin baki ɗaya, «manarki» ga na ciki.

Shi kansa «narke» yana ɗauke da kaya uku: man shanu ya narke a rana, gishiri ya narke a ruwa, tuwo ya narke a ciki. Faransanci ya raba su (fondre, dissoudre, digérer). Na ukun ne kaɗai ake yanka abu ya zama wani abu dabam, kuma malami yana da misalinsa a madafa: tsiron dawa ko dankali da ake sa wa kunu ya tsinke ya yi zaƙi, amilaz ne yake aiki. «Gasara» da muka yi amfani da ita a madadin «amidon» ba mu gamsu da ita sarai ba, don ga mai girki jiƙaƙƙen abu ce da aka tace, alhali muna nufin abin da ke cikin ƙwayar hatsi tun tana zangarniya. Muna jiran ra'ayin abokan aikinmu na sashen aikin gona a kanta kafin fitowa ta gaba.