Sharaɗi Ɗaya, Tambayoyi da Yawa: Yadda Ake Fitar da Rahoto Daga Rumbun Bayanai a Masana'antun Sharaɗa

Gabatarwa

Rukunan masana'antun Kano guda uku, wato Bompai, wanda ya girme su, da Sharaɗa da Chalawa, sun yi suna wajen sarrafa fatu da ƙiraga da robobi da kayan masarufi. A ofishin kowace masana'anta akwai aikin da ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya ɓaci, shi ne fitar da rahoton ƙarshen wata. Wannan maƙala ta dubi matsala guda a cikin aikin: yadda sharaɗin da akawu ya shigar sau ɗaya zai yi aiki a kan duk tambayoyin da rahoto ya ginu a kansu. A ido matsalar ta masana kwamfuta ce, amma wani ɓangare nata ya faɗo cikin gonar masu nazarin rubutun Hausa.

Tambaya da Sharaɗi

Rumbun bayanai na zamani ya ginu ne a kan tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, inda ake ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, wato SQL, ya fito ne daga aikin Donald Chamberlin da Raymond Boyce a wannan kamfani, aka kuma daidaita shi a 1986. Manhajar Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, tana cikin manhajojin da suka yaɗa wannan tsari a teburin ƙananan ofisoshi.

Tambaya umarni ne da ake bai wa rumbu ya zaƙulo wasu layuka. Sharaɗi kuwa shi ne iyakar da aka gindaya masa: daga wace rana zuwa wace, wane dillali, wane irin kaya. A ɗauki misalin wata masana'antar sarrafa fatu a Sharaɗa. Rahotonta na wata zai buƙaci aƙalla tambayoyi huɗu: fatun awaki da na tumaki da suka shigo sito, waɗanda aka jeme, waɗanda aka sayar, da harajin kayayyaki da ya hau kan cinikin. Idan kowace tambaya tana da nata gurbin sharaɗi, manhajar za ta tsayar da akawu ta nemi ranar farko da ta ƙarshe, ta sake nema, har ya rubuta kwanan wata sau takwas.

Gajiyar hannu ce mafi ƙanƙanta a cikin illolin. Babbar illar ita ce kuskure ɗaya a cikin takwas ba ya nuna kansa. Idan akawu ya rubuta 30 a tambayar ciniki, ya rubuta 31 a ta haraji, rahoton zai fito tsaf, alƙalumansa a jere, alhali sassansa ba wata ɗaya suke magana a kai ba. Doka ta wajabta miƙa lissafin wannan haraji zuwa ranar 21 ga wata mai bi, don haka lokacin gano kuskuren ba shi da yawa. Kwana ɗaya ma yakan sauya lissafi: ranar 1 ga Fabrairu 2020 harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma duk rahoton da ya zame da kwana guda a wannan gaɓa ya haɗa ma'auni biyu.

Hanyoyin Riƙe Sharaɗi

Maganin guda ne, ko da yake siffofinsa sun bambanta: a karɓi sharaɗin sau ɗaya, a ajiye shi wuri ɗaya, kowace tambaya ta je can ta ɗauko. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a tsara fom mai akwatunan ranar farko da ta ƙarshe, tambayoyin su riƙa duba akwatunan kai tsaye. Rauninta shi ne dole fom ɗin ya kasance a buɗe. Da zarar an rufe shi, manhajar za ta koma tambayar akawu. Daga Access 2007 an samu ma'ajiyar wucin gadi mai suna TempVars, wadda ke riƙe sharaɗi har sai an goge shi ko an rufe rumbun. Akwai kuma hanyar ware ƙaramin jadawali a rubuta sharaɗin a ciki. Ita kaɗai ce ke jure ɗaukewar wuta, abin da ba baƙo ba ne a Sharaɗa, sai dai idan akawu biyu suna aiki da rumbu ɗaya, wajibi ne kowa ya sami layinsa, in ba haka ba sharaɗin wannan zai danne na wancan.

Ajiyayyen sharaɗi yana da nasa haɗarin, domin na watan jiya yakan kwana a ma'ajiya ba a sani ba. Saboda haka ya dace rahoton ya buga sharaɗin da ya yi aiki da shi a saman shafi, inda manaja zai fara kai ido.

Inda Rubutun Hausa Ya Shigo

Wasu masu tsara rumbu sukan bi gajeriyar hanya, su liƙa abin da akawu ya rubuta cikin jimlar SQL ɗanye. A nan Hausa ke kama su. SQL yana killace kalma tsakanin alamomi biyu irin wadda Hausa ke nuna hamza da ita. Idan aka nemi dillalan unguwar Ja'en, maƙwabciyar Sharaɗa, manhajar za ta ɗauka kalmar ta ƙare a kan Ja, ta rasa yadda za ta yi da sauran, tambayar ta rushe. Haka za a yi da Sa'idu da Ma'aruf da duk sunan da ya fara da 'yan. Ta wannan ƙofa ce kuma masu kutse ke cusa nasu umarnin. Idan aka miƙa sharaɗin ta gurbin da aka ayyana nau'insa, rumbun zai karɓe shi a matsayin kalma cikakkiya, hamzar ba ta dame shi ba.

Kwanan wata ma haka yake. A Nijeriya rana ce ke gaba, wata ya biyo, amma Access yana karanta kwanan watan da aka liƙa cikin jimla da tsarin Amurka. Akawu zai rubuta 03/04/2024 da nufin 3 ga Afrilu, manhajar ta fahimci 4 ga Maris. Abin da ya ƙara ɓoye kuskuren shi ne daga 13 ga wata zuwa sama takan juya lissafin da kanta ta dace, tunda babu wata na 13. Sai kwanaki 12 na farko kaɗai ke cikin haɗari.

Akwai kuma abin da gurbi ba ya magancewa. Haruffa masu lanƙwasa suna da lambobinsu daban a tsarin Unicode, saboda haka Sharaɗa da Sharada kalmomi biyu ne a wajen rumbu, kamar yadda Chalawa da Challawa da Calawa suke uku. Abokin ciniki daga Maraɗi zai rubuta ƴ inda na Kano ke rubuta 'y. Sharaɗi ɗaya da aka yaɗa ga tambayoyi huɗu zai tsallake layuka iri ɗaya a dukkansu, rahoton ya daidaita da kansa amma ya gaza. Shi ya sa gwanayen tsara rumbu ba sa barin akawu ya rubuta sunan wuri da hannu. Sukan ware jadawalin sunaye, kowane da lambarsa, akawu ya zaɓa daga jeri, tambayoyin su yi aiki da lambar. Wane rubutu ne zai zauna a jerin a matsayin daidaitacce, waɗanne ne za a rataya a ƙarƙashinsa, wannan hukunci ne na ƙa'idojin rubutu, kuma a yawancin lokuta wanda ke yanke shi bai taɓa zama a ajin Hausa ba.